Wane Sarki Ne Babanki?

Masu karatu, ku gyara zama, don yau ba na jin zan rufa wa kowa asiri. Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Hure, malamar asibiti ce ni a wani ɗan sha-ka-tafi da ke bayan Tsanyawa, inda gonar gero ta zo ta jingina da katangarmu, akuyar maƙwabta kuma ta fi wasunmu zuwa aiki a kan lokaci. Ina da saurayi, Abdussalam, yayan ƙawata ta wurin aiki. Ko in ce ina da shi zuwa safiyar yau Litinin. Abin da ya biyo baya ku za ku taya ni dubawa.

Asibitin namu bai fi gidan malamin firamare girma ba, amma ƙasa biyu ce a cikinsa. Akwai 'yan mota, masu tasowa daga Kano kullum safiya, su sauko daga bas suna kakkaɓe mayafi kamar an watsa musu toka. Su a ɗakin magani suke cin abinci, ƙarƙashin fanka, da cokali. Akwai kuma 'yan tabarma, mutanen ƙauyukan nan, masu shara da ba da kati da gadi, waɗanda suke baje kwanon ɗanwake a gindin darbejiya su sa hannu. Ba wanda ya kafa doka, amma ban taɓa ganin cokali ya yi ɓatan kai ya je gindin darbejiya ba.

Ni a tsakiya na faɗo. Takardata irin ta 'yan mota ce, don a Kano na yi karatu, amma a Ƙwarin Marke aka yanke mini cibiya, kuma ɗan acaɓa ne yake kawo ni aiki. Da na fara zuwa tabarma na nufa, wurin Iya Larai mai shara, wadda suka yi tallan gyaɗa tare da Innata suna 'yan mata. A lokacin Tahira ba ta san Allah ya yi ruwana ba. Tahira ita ce ungozomarmu, kuma shugabar 'yan mota ba tare da kowa ya naɗa ta ba. A sababbin gidajen Ungogo suke, amma in ka tambaye ta sai ta ce "cikin gari". Turarenta yakan riga ta shiga ɗaki, ya kuma daɗe bai bi ta ba in ta fita.

Wata rana muna awon ciki Inna ta kira ni. Na ce, "Inna, ki ba Sarki haƙuri, sai na taso zan kawo masa maganin."

Tahira ta ɗago daga cikin da take latsawa. "Wane ne Sarki?"

"Babana."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifas, ta ce, "Ikon Allah." Washegari na tarar an ƙara kujera a ɗakin magani, har da ɗan matashi a kanta.

To bari in fayyace muku, don kada ku ma ku ɗauko mini lema. Babana Sarkin Fawan Ƙwarin Marke ne, shugaban mahauta, ya gada daga babansa. A garinmu mai gari Dagaci ake ce masa, don haka in ka ce Sarki kawai, ko yaron goye ya san mai wuƙa kake nufi. Inna Sarki take ce masa saboda kunyar suna, mu ma muka tashi da shi a baki. Ban taɓa tunanin akwai Bahaushen da zai ji kalmar ya hango rawani ba.

Sai ga shi komai nawa ya koma shaida. Ranar farko da na buɗe kula a ɗakin magani, hanta da ƙoda ne a kan shinkafa. Tahira ta taɓo ta kusa da ita ta ce, "Kun gani ko? A wannan tsadar wa yake cin hanta ranar Talata?"

Na ce, "Mu ai har gundurarmu take yi."

Suka kalli juna, ni kuwa na ɗauka tausayin kaina na ba su. Ranar da na makara na ce jama'a ne suka cika ƙofar gida tun asuba suna jiran Sarki ya fito, ba hanyar wucewa. Ban ce Fulani ne da shanunsu ba, don ba a tambaye ni ba. Wata Asabar kuma Tahira ta kira ni, ranar kasuwarmu ce, kalangu yana ta kuka a rumfar mahauta da ke jikin zaurenmu.

"Kiɗan mene ne nake ji?"

"Makaɗan Sarki ne, duk Asabar haka suke hana mu sakat."

"Har makaɗa gare ku?"

"Gado ne, ya za mu yi?"

Ku duba fa, Bakanuwa ce, amma ba ta san kalangu kiɗan mahauta ne ba. Daga nan sunana ya fara hawa bene. Hure ta zama Huraira, wai ya fi daɗin faɗa. Huraira ta zama Gimbiya. Na ɗauka tsokana ce saboda yadda nake ɗaura ɗankwali, nakan ma amsa da "na'am, baiwata", mu yi dariya. Aka sa ni a guruf ɗinsu na waya, aka fara ɗinkin anko da ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin fankar nan, kuma na so Tahira da gaske. Tana da ban dariya, tana da kyauta, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ita ta karɓi aikina ba ta ko yi mita ba. Iya Larai dai in na wuce gindin darbejiya da kulata sai ta ce, "A sauka lafiya, ranki ya daɗe," 'yan tabarma su tuntsire. Na ɗauka haushin na bar su ne.

Ni ma na taɓa tambayar Tahira asalinsu. Ta gyara zaman agogo ta ce, "Mu tun kakanmu harkar leda muke yi, har ƙasashen waje ake fita da ita." Na ce lallai, don na san yadda ake cinikin leda a ƙasar nan, ko mai ƙosai ba ta rabuwa da ita. Na ƙiyasta musu katafaren kamfani mai injuna.

Ana haka wata Juma'a yayanta ya zo ɗaukarta a mota. Abdussalam kenan, ma'aikacin wani kamfanin sayen riɗi a Dawanau, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron tashin jariri. Tahira ta jawo hannuna har bakin motar ta ce, "Yaya, ga Gimbiyar da nake ba ka labari." Kafin in isa gida saƙonsa ya riga ni: "Allah ya ja zamanin Gimbiya. Bawa yana neman izinin gaisuwa." Na ce a raina, su dai gidan nan duk bakinsu ɗaya. Na amsa, "An ba ka, amma ban da surutu."

Ya yi surutun, na kuma saurara. Mutum ne da zai tuna kin ce kanki yana ciwo da safe, ya kira da la'asar ya tambaya. Na kamu, ba wani kwana-kwana. Inna kuwa dama ta sa ni a gaba. Kullum in na dawo tana tankaɗe za ta fara, "Ƙannenki biyu suna ɗakinsu, ke kina nan kina auna cikin matan mutane. Sarki ya ce in an ɗauke amfanin gona yana son ya ga mutum, ba waya ba." Da na faɗa wa Abdussalam ya ce zai zo ranar Asabar ya gaida Sarki, Tahira za ta rako shi.

Ranar Alhamis ina wanke almakasai a bakin famfo, Iya Larai ta zo ta tsaya da tsintsiyarta.

"Hure, na ji an ce jibi za a kai gaisuwa fada."

"Wace fada kuma, Iya?"

"Ƙawarki ta tambaye ni ko mata suna cire takalmi tun daga zaure, kuma ko dogarai suna karɓar tukuici."

Almakashin ya suɓuce daga hannuna. Hanta, makaɗa, jama'a a ƙofar gida, duk suka jeru a gabana.

"Iya, kin sani tuntuni?"

"Duk gindin darbejiya an sani."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"A ina zan faɗa miki? Ɗakin fanka ba a shiga da tsintsiya sai an tashi." Ta juya abinta, sannan ta waiwayo. "Ubanki ba abin ɓoyewa ba ne, shi ya yanka ragon sunan duk wanda kika gani a tabarmar can."

Maganar ta yi mini zafi don ban ɓoye shi ba. Na ɗauko waya na rubuta wa Abdussalam bayani, na goge. Tsoro nake ji, kada in faɗa ya fasa zuwa. Can kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce wai bayanin me zan yi, laifi babana ya yi? Su zo su gani da idonsu, in ni yake so zan gani a fuskarsa.

Asabar hantsi ya dubi ludayi sai ga motarsu tana kutsawa tsakanin amalanke da buhunan wake. Abdussalam ya sha babbar riga fara ƙal mai aiki har gwiwa, hula tana ƙyalli. Tahira ta ci leshi ruwan zuma, da takalmi mai tsinin da ke nutsewa a ƙasar kasuwa duk taku. Turarenta ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hayaƙin tukubar masu gasa nama ya fi shi dangi a wurin. Na tare su cikin atamfata ta zaman gida.

"Gimbiya, ina fadar?" in ji Tahira, tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Ga Sarki can."

Baba yana tsaye a bayan teburinsa, ya naɗe hannun riga, barho a hannu, cinyar saniya tana rataye a gefensa, mai kalangu yana zuba masa kirari. Tahira ta leƙa bayansa tana neman wani Sarkin. Da ba ta ga kowa ba sai katangar zaurenmu da fatu a shanye, ta dawo da idonta kaina. Ban taɓa ganin hoda ta canja launi a fuskar mutum ba sai ranar.

Ni Abdussalam nake kallo. Sai ya tattare babbar rigar nan ya durƙusa a ƙasar rumfa, inda ruwan wankin nama yake bi, ya ce, "Barka da kasuwa, Baba." Wallahi a lokacin da an ce in ba shi raina da na miƙa.

Baba ya goge hannu, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo balangu mai zafi a takarda. Ya ce, "Samari, ɗan gidan wa ne a Kano?"

"Gidan Alhaji Abdulmumini Badaru."

Baba ya tsaya da yankan albasa. Ya ƙura masa ido, ya karkata kai. "Wane Badarun? Ba dai Badaru majemi ba, mai ƙirgi?"

Tahira ta yi caraf ta ce, "Harkar leda yake yi."

"To ai ita ce fatar, 'yata, ku ne kuka mayar da ita Turanci. Allahu akbar, ga goshin nan nasa sak." Baba ya washe baki kamar an yi masa albishir da Makka. "Ai a zauren nan yake kwana. Da keke yake zuwa sayen fata wurin babana, ya ɗaure ƙiraga a baya har ba a hango kansa. In ya doso gari karnuka ne suke fara sanar da mu, saboda warin jima ba ya barin jikinsa ko ya yi wanka da sabulun salo. Mutumin kirki, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ashe gida ne ya zo gida."

Kafin wani ya tare shi ya leƙa waje ya ƙwala wa mai kalangu kira, ya ce ga jikokin Badaru sun zo. Mai kalangu kuwa abin nema ya samu. Ya shigo har zaure yana matsa kalangu a hammata, yana jikokin mai ƙirgi, jikokin mai bagaruwa, kowa ya taka takalmi ya taka arzikin kakanku. 'Yan kasuwa suka taru suna leƙe. Wata tsohuwa ta ce ita ma ta tuna shi, har ta kwatanta yadda ƙudaje suke raka kekensa.

Abdussalam ya yi dariya har da ƙwalla, ya yi wa mai kalangu kari, ya zauna ya ci balangun nan yana suɗe yatsu, maiƙo yana ɗiga a aikin rigarsa. Tahira ko yanka ɗaya ba ta taɓa ba. Ta ce tana son ta gaida Inna, ta ja ni cikin gida, amma ba ta kai ɗakin Inna ba ta tsayar da ni a bayan rumbu.

"Kin yaudare ni, Hure."

Yau kuma Hure, an sauko da ni daga benen ba ko tsani.

"Da na ce miki me?"

"Kin ce babanki sarki ne."

"Sarki ne mana. Ke ma kin ce leda, na yi ta neman sunan gidanku a jikin ledar burodi."

Ba ta yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ba ki san abin da muka sha ba. A makaranta in na shigo aji sai yara su toshe hanci, alhali ban taɓa taka majema ba. Babanmu da ya samu hali ya bar unguwar, ya hana a ƙara ambatar ta. Hajiya mahaifiyarmu kuwa ba za ta taɓa yarda Yaya ya koma inda aka gudo ba."

Na ji tausayinta, har na gane dalilin turaren. Na kai hannu zan dafa ta, sai ta share ido ta koma Tahirar ɗakin magani.

"Ga yadda za a yi. A wurin aiki kina nan Gimbiyarki, ba wanda zai ji komai daga bakina, ke ma ba ki taɓa jin sunan Badaru ba. Hajiya kuma za mu ce mata babanki babban dillalin shanu ne, mai sarautar kasuwa. In an zo ɗaurin aure a yi a masallacin Juma'a na Tsanyawa, ba sai an zo nan ba. Kin ga kowa ya huta."

"Shi kuma Sarkin a ina za mu ajiye shi ranar? A rumbu?"

"Ke dai ki yi tunani. Ina sonki, shi ya sa nake nema miki hanya."

Abin haushin, da gaske take. Iyakar son da ta iya kenan.

Da za su tafi Baba ya kasa zama. Ya aika musu da cinya guda a but ɗin mota, ya shigo yana ce wa Inna, "Yaron nan ɗan asali ne, kin ga yadda ya ci nama? Ba irin masu tsakura ba." Inna ta rangaɗa guɗa a hankali don kada maƙwabta su ji tun yanzu. Ni na shige ɗaki, don ban iya kallon murnarsu ba. Lahadi Abdussalam ya turo, "Na gode da karamci, Baba mutum ne." Bai ce Gimbiya ba, bai kuma ce Hure ba. Na karanta saƙon har na haddace shi ina neman inda ya ɓoye sauran maganar.

Yau da safe na roƙi Baba ya naɗe mini balangu a takardar siminti, irin yadda yake yi wa kowa. Lokacin cin abinci na shiga ɗakin magani, kujerata tana nan da matashinta. Tahira ta yi murmushi ta ce, "Gimbiya, bismillah." Na ajiye ƙunshin a tsakiyar tebur na buɗe, yaji ya tashi, fanka ta raba wa kowa.

"Ga tsaraba daga rumfar babana, Sarkin Fawan Ƙwarin Marke. Da hannunsa ya yanka, da hannunsa ya gasa. Mai so ya sa hannu, ba a cin wannan da cokali."

Wata ta ce, "Fawa kamar... mahauta?" Na ce kamar su. Tahira ta kafe ni da ido, tana jiran in ƙarasa. Sunan Badaru ya zo mini har bakin haƙori, na haɗiye shi. Kakanta ne, ita ya kamata ta faɗa.

Na ɗebi rabin naman na fita gindin darbejiya. Iya Larai ta dube ni, ta dubi takardar, ba ta ce ranki ya daɗe ba. Ta ɗan muskuta kaɗan, wurin da ta bari bai fi na ɗuwawu ɗaya ba, na zauna a haka. Ina zama wayata ta yi ƙara, an cire ni daga guruf. Ta sake ƙara, Abdussalam ne.

"Hajiya ta ci naman jiya ta yi ta santi. Yanzu ta kira ni tana tambaya wai wane sarki ne babanki. Me zan ce mata?"

Mutumin da ya durƙusa a ruwan nama da farar riga, yau ni yake tambaya me zai ce. Raina ya ɓaci, kuma ina sonsa a hakan, abin da ya fi ba ni haushi kenan. Na goge maiƙon hannuna a gefen tabarma na rubuta masa:

"Ka ce mata wanda kakanka yake kwana a zaurensa. In ya yi maka nauyi a baki, ka bar shi, ni ma ka bar ni."

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Iya Larai ta turo mini kwanon ɗanwake ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Ci abinci, Hure. In zai faɗa, ba sai ya daɗe yana rubutu ba."